Torvald Ya Canja wa Kaka Taga

Duk garin Grundhamn babu wanda bai san Kaka ba, ko da yake waɗanda suka taɓa ganinta da ido ba su kai goma ba. Kaka babbar na'ura ce mai girman firij biyu, tana zaune a ɗakin ƙasa na kamfanin Brattlund tun kafin a haifi rabin ma'aikatan. Kamfanin kuwa shi ke rarraba kayan abinci da na masarufi ga otal-otal da shaguna da gidajen tsofaffi na gaɓar tekunmu har tsibirai. Duk dankalin da aka dafa a yankin nan, duk kwalbar kifin da aka buɗe, sai da Kaka ta san da zamansu.

Sai dai Kaka ba ta jin yaren kwamfutocin zamani. Don haka akwai wata manhaja a kan kwamfutar kowane ma'aikaci, wadda ke sa kwamfutar ta yi shigar allunan aiki irin na da, baƙar fuska da korayen haruffa, sai Kaka ta ɗauka 'yan zamaninta ne ta saurara. Ma'aikata suna kiran manhajar Taga. Shekara ashirin da huɗu ana magana da Kaka ta wannan Taga, ba a taɓa jin kansu ba.

Ana nan sai ga Torvald Flink daga Stockholm, an ɗauke shi shugaban sashen kwamfuta na gwajin wata shida. Sashen kuwa shi kaɗai ne a ciki, amma wannan bai hana shi buga kati ɗari biyar masu sunansa da muƙaminsa ba. A garinmu, ko tseren jirgin ruwa mutum ya ci, cewa yake iska ce ta taimaka. Shi ko Torvald kafin ya rataye rigar sanyinsa a ranar farko, har mai shara ta san cewa bankuna uku ya ceto daga rushewa. Abin da bai faɗa ba shi ne, a bankunan nan uku tawadar firinta yake canjawa, kuma babu wanda ya riƙe shi ya wuce wa'adin gwaji. Wannan aiki na Grundhamn shi ne na farko da aka ba shi kujera mai juyawa, kuma a ransa tsoron rasa shi yake kamar me.

Ya tsaya a bayan Gunvor, babbar mai karɓar oda, ya dubi baƙar fuskar kwamfutarta ya riƙe baki.

Ya ce, "Tabɗi! Gunvor, nan ofis ne ko gidan tarihi? Rabona da ganin irin wannan tun ina rarrafe."

Gunvor ta ce, "Ashe ka daɗe da tashi tsaye." Ba ta ko waiwayo ba, yatsunta na ta aikinsu.

Daga ranar ya ƙudura sai ya canja Taga. Ya gayyato kamfanoni uku masu sayar da irin wannan manhaja, ya zana jadawali ya raba maki. Launi maki talatin. Aiki da linzamin kwamfuta maki talatin. Buɗewa a wayar hannu maki ashirin, kyan tambari maki goma, sauran goman kuma ya rubuta musu "yadda na ji a jikina". Na farko ya tambaye shi yadda ma'aikatansa ke buga oda, Torvald ya rage masa maki saboda yawan tambaya. Na biyu ya ce a gwada a kwamfuta ɗaya tukuna na tsawon wata, ya rage masa saboda tsoro. Na uku, wani Melker mai haƙora farare tas, bai tambayi komai ba. Ya dai nuna masa fuska ruwan hoda da shuɗi, ya ce sunan manhajar Glimta Bakwai, ya kuma ba shi wata riga mai tambarin kamfaninsu.

Melker ya ce, "Irinka ne ke gane ta da kallo ɗaya."

Torvald ya ce, "Ai ni da rabin kallo ma na gane."

Ya kawo maganar a wajen shan kofi na ƙarfe uku, inda ake yanke duk wata shawara a kamfanin. Ragnhild Brattlund, mai kamfanin, tana zaune a ƙarshen tebur tana gutsurar burodin kirfa. Sixten, shugaban sito, yana jingine da bango. Torvald ya yi jawabin minti arba'in sanye da sabuwar rigarsa, sannan ya tambaya ko akwai mai ja.

Can Sixten ya dubi cikin kofinsa ya ce, "To, abu ne da za a iya tunani a kai."

Majken, abokiyar aikin Gunvor, ta ce, "Launin dai ba laifi."

Duk wanda aka haifa a nan ya san cewa waɗannan maganganu biyu daidai suke da a ɗaga kujera a jefi mutum. Amma baƙo makaho ne ko da idonsa, Torvald ya rubuta a littafinsa cewa kowa ya amince.

Gunvor ta ajiye cokalinta ta ce, "Torvald, da za ka zo ka zauna kusa da ni na rabin awa, ka ga yadda muke yi da ita."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Gunvor! Yaushe likita ya fara tambayar majinyaci yadda ake allura? Ranar Litinin mai zuwa za mu koma sabuwa."

Ragnhild ta daina tauna. Ta ce, "Litinin ta makon Bikin Tsakar Bazara? Makon da muke fitar da kayan wata guda cikin kwana huɗu?"

"Da gangan na zaɓe shi. A babban kogi ake gane gwanin iyo. Kuma ki bar ɗaukar 'yan wucin gadi bana, manhajar nan za ta yi aikin mutum uku."

Ragnhild ta ajiye burodinta. Sannan ta ce, "Ranar Alhamis ɗin makon wa'adin gwajinka ke cika. In kaya sun isa inda aka aike su, zan sa hannu a takardarka wajen cin abincin ma'aikata."

Torvald ya bugi ƙirji ya ce, "In kwalba ɗaya ta ɓace hanya, Ragnhild, ki mayar da alƙalaminki aljihu." Baki dai shi ke yanka wuya.

Ranar Lahadi da rana ya shigo ofis shi kaɗai, ya ɗora Glimta a kan kwamfutoci goma sha huɗu. A yi masa adalci, ya gwada. Ya ɗauko kundin lambobin kaya ya buga odar gwaji har ashirin, duk suka shiga sumul. To amma Torvald da yatsa biyu yake rubutu. Sai ya ɗaga manuniya sama, ya zagaya da ita yana neman harafi, ya sauke ta kamar kaza ta ga tsaba, sannan ya ɗago ya duba ko ya fito. Da ya ga komai daidai, sai ya goge tsohuwar Taga daga kowace kwamfuta don kada wani ya koma mata a ɓoye. Ya aika wa kamfanin da ya yi ta wasiƙar sallama mai shafi biyu. Ya kuma kira Melker ya ce a kulle duk saitin manhajar da kalmar sirri daga can wajensu, kada tsofaffin nan su yi masa taɓe-taɓe.

Ga abin da zai gani da ya zauna rabin awar nan. Gunvor ba ta kallon fuskar kwamfuta. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, waya maƙale a kafaɗa, ido a kan jiragen da ke bakin ruwa, yatsu na gudu. Kaka kuwa tsohuwa ce, duk shafin da za ta juya sai ta ɗan yi nishi na daƙiƙa biyu. Gunvor da Majken ba sa jiranta, sukan riga ta da shafi biyu ko uku. Tsohuwar Taga ita ce mai haƙurin, takan riƙe duk abin da suka buga ta riƙa miƙa wa Kaka ɗaya bayan ɗaya in ta gama nishinta. Ita ko Glimta, duk abin da aka buga Kaka na tsakiyar nishi, zubar da shi take yi ba ko sallama. Sai lambar mai saye ta rasa kai, lambar kaya ta rasa ƙafa, adadi ya faɗa gidan da ba nasa ba. Kaka kuma ba ta gardama, in ka ba ta lamba za ta nemo mai lambar.

Ranar Litinin aka buga oda ɗari biyu da saba'in. Torvald ya yini yana zagaya ofis hannu a baya, yana tambayar kowa ko ya ga yadda shuɗin ke kwantar da ido. Da yamma Sixten ya hawo daga sito da takarda a hannu.

Ya ce, "Torvald, makarantar renon yara ta coci ta yi odar shebur ɗin kwashe ƙanƙara guda sittin."

"Sai me?"

"Muna watan Yuni, ƙanƙara sai hunturu."

"Masu hangen nesa ke nan. Irinsu nake so. Ka loda musu."

Sixten ya ɗaga kafaɗa ya koma. Shekara talatin Kaka ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma yau zai fara musu da takarda ba. Ya loda duk abin da ta ce.

Talata ƙarfe bakwai da kwata waya ta fara kuka. Na farko Ebbe ne, mai ɗan shagon tsibirin Lilla Torsk, tsibirin da mutanensa arba'in da ɗaya ne har da jariri. Gunvor ta miƙa wa Torvald wayar.

Ebbe ya ce, "Kai ne sabon mai ilimin? Buhu biyu na ce. Dankali buhu biyu. Ga tan biyu an jibge mini a bakin ƙofa, ta taga na fito da safen nan."

Torvald ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, dattijo. A duk babban sauyi akan sami ɗan gyare-gyare."

"Gyare-gyare? Matuƙin jirgin fito ya ce sai da ya sa fasinjoji suka koma gefe ɗaya kada ya kife. Zo ka gyara!"

Bai ajiye ba ta biyu ta shigo. Viveka ce, shugabar kicin ɗin babban otal na bakin teku, wadda ke da baƙi ɗari uku ranar Juma'a har da ɗaurin aure. Ta yi odar kifin kwalba ɗari da ashirin, an kawo mata kwalba ɗaya tilo, tare da katan tamanin na kunzugun manya. Gidan tsofaffi kuwa, masu kunzugun, an kai musu kyandir dubu huɗu da abincin kyanwa.

Torvald dai ya dake. Ya ja kujera ya zauna a kwamfutar Majken, ya buga odar Viveka a shafin gwaji da yatsunsa biyu. Minti huɗu ya ɗauka, ta shiga daidai, kifi ɗari da ashirin babu ko ɗigo da ya kauce. Nan take zuciyarsa ta dawo mazauninta.

Ya miƙe ya ce, "Kun gani? Manhaja lafiyarta lau. Matsalar tana tsakanin kujera da tebur."

Gunvor ta ce, "Ai na zauna na kalle ta da safen nan. Zubar da abin da na buga take yi in na riga Kaka."

"Manhajar da ta ci maki casa'in da shida ba ta zubar da komai. Ba laifinki ba ne, Gunvor, shekaru ne. Yatsa ma yana tsufa."

Gunvor ta cire tabarau ta goge shi a hankali ta mayar. Majken ta ja kujerarta baya kaɗan, don ta san ma'anar wannan.

Gunvor ta ce, "Allah ya ba mu tsufa irin na yatsanka."

Shi dai ya yanke hukuncin cewa allunan bugawa ne suka tsufa tare da masu su. Ya shiga mota ya tafi gari ya sayo sababbi goma sha huɗu, masu laushi, masu haske a ƙarƙashi. Laushin nan ya sa yatsun Gunvor suka ƙara gudu. Odar Talata ta fi ta Litinin lalacewa, har wani kulob na masu wasan jirgin ruwa ya sami man girki ganga tara a maimakon kirim na madara. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Laraba da safe ya zo da sabuwar doka a rubuce, ya manna a jikin firij ɗin kicin. Daga yau kowa zai kalli fuskar kwamfuta, ya buga lamba ɗaya, ya tabbatar, sannan ya buga ta gaba, kamar yadda ƙwararru ke yi. Gunvor ta ce to. Waya ta yi ƙara, wani mai gidan abinci ya ce a kawo masa sabon dankali. Gunvor ta ɗaga yatsa ɗaya, ta tsaya. Ta sauke ta sake ɗagawa.

Ta ce, "Majken, mece ce lambar sabon dankali?"

Majken ta dubi yatsunta. Ta ce, "Da huɗu take farawa. Ko da bakwai?"

Torvald ya ce, "Shekara talatin ba ku san lambar dankali ba?"

Gunvor ta ce, "Hannuna ya sani, kaina bai taɓa tambayarsa ba. Kai in aka ce ka faɗi ƙafar da kake fara sa wa takalmi, ka sani?"

Gaskiyarta kuwa. Lambobin nan dubu uku a yatsunsu suke, kuma da gudu kaɗai suke fitowa. In suka saki hannu, Glimta ta zubar da rabi. In suka rage gudu, lambar ta ɓace musu sai sun buɗe kundi. Gaba kura baya siyaki. Yinin ranar oda talatin da takwas aka shigar, sauran suka taru a kan 'yan takardu har suka rufe tukunyar furen Majken. Ita kuwa ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta fito, ta ce ƙurar furanni ce ta shiga mata ido.

Ragnhild ta leƙo ofishin Torvald da yamma. Ta ce, "Yaya ake ciki?"

Ya ce, "Komai na tafiya bisa tsari. Ma'aikatanki ne ke yi wa ci gaba zagon ƙasa. Gobe a gaban kowa zan nuna miki."

Ta ce, "To, goben." Ta ja masa ƙofa a hankali.

Alhamis aka jera dogayen tebura a harabar kamfani kamar kowace shekara, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka kawo dankali da kifi da kirim. Su kam nasu ya iso daidai, don Sixten da ƙafarsa ya je ya ɗauko. Torvald ya sa an fito da babbar talabijin ta ɗakin taro, ya jona mata kwamfuta da firinta, ya kafa su a gaban tebura. Ragnhild ta zauna, takardar aikinsa a gefen farantinta, alƙalami a kai.

Ba a kai ga cokali na biyu ba aka ji rurin tarakta. Ebbe ne, ya hayo jirgin fito da tirela cike da dankali, ya shigo harabar da baya, ya ɗaga tirelar. Dankali ya gangaro har ƙarƙashin tebura. Bayansa ga Viveka da farar hular kicin, ta riƙo kwalbar kifinta guda da hannu biyu, ta dire ta a gaban Ragnhild. Bayanta kuma ga motar gidan tsofaffi, shugabar gidan ta ce tun da fita shan iska za su yi, gara su zo su ga wanda ya aiko musu da abincin kyanwa. Tsofaffi tara suka sauko, aka ba su kujeru a sahun gaba.

Da mai hankali ne, da ya sulale ta ƙofar baya. Torvald ko da ya ga taro ya ƙaru, sai ya gyara wuyan rigarsa.

Ya ce, "Madalla da zuwanku. Yanzu za ku ga inda laifi yake da idonku. Viveka, faɗi odarki."

Viveka ta faɗa tana cije haƙora. Torvald ya buɗe kundi, ya ɗaga manuniya, ya zagaya, ya sauke. Wani tsoho a sahun gaba ya tambaya da ƙarfi ko an fara ne. Wata tsohuwa ta ce ita mijinta marigayi da yatsa ɗaya ya rage masa bayan haɗarin injin katako, kuma ya fi wannan sauri. Bayan minti huɗu firinta ta fito da takarda, kifi ɗari da ashirin, otal na bakin teku. Torvald ya ɗaga ta sama ya juya ta hagu da dama, har da ɗan rusunawa.

Ya ce, "Ni kaɗai ne a ginin nan na dace da wannan manhaja. Wannan ita ce gaskiyar da ba a so a faɗa."

Gunvor ta goge bakinta ta tashi. Ta ce, "Ɗan matsa, likita, majinyaciya za ta gwada. Jama'a, ni ba zan kalla ba, ku ku kalla mini."

Ta zauna ta juya fuskarta wajen teku ta saki hannu. Daƙiƙa shida. A babbar talabijin kowa ya ga lambobi na shiga, shafi ya tsaya yana nishi, yatsunta na ci gaba da ruwan bugu amma babu abin da ke fitowa, sannan sauran suka faɗa inda suka ga dama. Firinta ta yi tari ta turo takarda. Sixten ya ɗauka ya karanta da muryarsa ta sito.

"Tsintsiya ɗari tara. Shagon Ebbe, Lilla Torsk."

Ebbe ya ce, "Ni kuma? Me na yi muku ne a gidan nan?"

Tsofaffi suka fashe da dariya har da tafi. Ragnhild ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Torvald, ashe riƙe bugu ne ba ta yi. Babu inda ake gaya mata ta riƙe?"

Ya ce, "Akwai mana, ƙaramin abu ne. A saiti yake."

"To buɗe."

"An kulle."

"Wa ya kulle?"

Ya ce, "Matakin tsaro ne," ya zaro waya ya kira Melker, ya sa a lasifika don kowa ya ji yadda ake girmama shi a can. Muryar Melker ta fito fes daga saƙon da ya naɗa ya bari, cike da fara'a: "Barkanku da bazara! Duk ofishinmu mun tafi hutu daga yau, sai huɗu ga Agusta. Ni ina kan ruwa inda waya ba ta kamawa. A sha rana lafiya!"

Ragnhild ta ce, "To a mayar da tsohuwar."

Torvald ya ce, "Na goge."

"Duka?"

"Ni ba na rabin aiki."

Ragnhild ta karɓi wayar ta kira kamfanin tsohuwar Taga da kanta. Wata mata ta ɗauka, ta ce ita kaɗai ta rage tana ba furanni ruwa, masu aikin sai Agusta. Da ta ji sunan Brattlund sai muryarta ta washe. Ta ce ai wasiƙarsu tana manne a kicin ɗinsu, kowa ya haddace ta, musamman wajen da aka ce manhajarsu ta dace da zamanin da ake aika saƙo da tattabara. Ta tambaya ko marubucin yana kusa a gaishe shi.

Sixten ya ce, "Ga shi nan, yana amsawa."

Ragnhild ta ajiye waya ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, a gidansu ba a yi. Ta ce wa Sixten ya ɗauko fensir da takarda, shi da direbobi sun san abin da kowane gida ke ci a bikin nan tun zamanin mahaifinta, a loda da ka a fita yanzu. Ta ce wa Viveka motar farko tata ce. Ta ce wa Ebbe ya zauna ya ci abinci, za a kwashe dankalin. Harabar ta kaure da aiki, har tsofaffi biyu suka shiga tsintar dankali suna gardamar wanda ya fi wani.

Torvald ya matso yana murza hannu. Ya ce, "Ragnhild, in aka duba da kyau, wannan darasi ne ga kamfani baki ɗaya."

Ta ce, "Sixten, oda nawa ke jiran a shigar wa Kaka?"

"Da na jiya da na yau da waɗanda za a gyara, ɗari shida da goma sha ɗaya."

"A minti huɗu-huɗu fa?"

Sixten ya dubi sama ya ce, "Awa arba'in da 'yan kai, in bai tashi fitsari ba."

Ragnhild ta jawo takardar ta cire murfin alƙalami. Zuciyar Torvald ta yi tsalle, ya ɗauka ko an yafe. Ta ja layi a kan "shugaban sashen kwamfuta", ta yi rubutu a samansa, ta sa hannu ta miƙa masa. Ya karanta: mai buga oda, na wucin gadi, zuwa huɗu ga Agusta.

Ta ce, "Gunvor da Majken hutunsu na mako biyar zai fara gobe, tun Janairu suka rubuta. 'Yan wucin gadi kai ka ce kada a ɗauka. Kuma a gaban shaidu ka faɗa cewa kai kaɗai ka dace da ita. Ban taɓa jin ka faɗi gaskiya irin wannan ba."

Ya ce, "Bayan huɗu ga Agusta fa?"

Ta ce, "Kujerar Gunvor ba ta juyawa, amma tana da daɗin zama. Ka fara da gidan tsofaffi, kunzugun nan ana bukatarsa yau."

Ranar Juma'a gari ya watse zuwa filin ciyawa. Mata da furanni a ka, yara na tsalle kewaye da dogon sandan biki, kiɗan goge na shigowa ta tagar ofis tare da ƙanshin dafaffen dankali. A duk ginin Brattlund babu mai numfashi sai Torvald a sama da Kaka a ƙasa. Manuniyarsa ta dama ta kumbura, ya naɗe ta da filasta. Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara, mahaifiyarsa ce daga Stockholm.

Ta ce, "Ɗana, yaya aka ƙare? Sun sa hannu?"

Ya gyara zama ya ce, "Sun sa, Mama. A gaban jama'a ma, har da tafi."

"Kai, madalla! To me kake yi a ofis ranar biki?"

"Ai ba yadda suka iya. Kamfanin nan yanzu kacokan a hannuna yake, ko kwalba ɗaya ba ta fita sai na taɓa."

Ta ce ita dama ta san za a rina, ta sa masa albarka ta ajiye. Torvald ya jawo takarda ta gaba daga kan tulin, ya ɗaga yatsa mai filasta, ya shiga neman inda bakwai take. Saura ɗari huɗu da casa'in.